Idan phpMyAdmin ya gaza maka: yadda ake zaɓar wata manhajar kula da rumbun bayanai

Da yawa daga cikin masu rubuta manhaja a Sakkwato da phpMyAdmin, manhajar kula da rumbun bayanai ta burauza, suka buɗe ido. Shi ke zuwa a cikin XAMPP, kunshin da ke mayar da kwamfutar mutum ƙaramar saba, da ɗalibai ke sakawa lokacin aikin kammala karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, shi kuma ake tararwa a cPanel, shafin sarrafa saba, ranar da aka kama hayar saba. Tun 1998 yake aiki, kuma ga ƙaramin rumbu na MySQL ko MariaDB ba shi da laifi. Rigima takan taso ne ranar da rumbun ya yi nauyi. Makaranta ta tara sakamakon jarrabawa na shekaru, ko kantin magani ya tara cinikin kullum, a zo loda kwafin ajiya mai megabait 300, shafi ya yi ta juyawa har ya mutu a tsakiya, wasu teburori sun shiga wasu ba su shiga ba.

Ba lalacewa ya yi ba. A cikin PHP yake gudana, don haka duk takunkumin da aka sa wa PHP ya hau kansa. A saitin asali upload_max_filesize, iyakar girman fayil da ake lodawa, megabait 2 ne kacal, post_max_size, iyakar duk abin da ake turawa a tashi ɗaya, megabait 8, masu ba da hayar saba kuma kowa da inda yake tsayar da nasa. Ga kuma iyakar lokaci, wadda in ta cika ake yanke aikin ko an gama ko ba a gama ba. In kwamfutarka ce, buɗe php.ini ka ɗaga lambobin biyu, ka bar post_max_size ya ɗara ɗayan, sannan ka sake tayar da Apache. In girman fayil ne kawai damuwar, matse shi ya koma .sql.gz, domin rubutun SQL yana matsuwa ƙwarai, phpMyAdmin kuma yana karɓarsa a haka. Mutane da yawa daga nan buƙatarsu ta biya.

Akwai kuma ciwon da canjin manhaja ba ya warkarwa. Manhajar kulawa tsani ce da ake hawa a leƙa rumbu, in gero ya yi ƙwari sabon tsani ba zai gyara shi ba. In aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu MySQL na tsakiyar rubutu, washegari XAMPP ya ce "MySQL shutdown unexpectedly", fayilolin rumbun ne suka taɓu, abin da ke tsare mutum daga wannan shi ne UPS da kwafin ajiya. In neman sunan ɗalibi ɗaya yana cin daƙiƙa 20, galibi fihirisa (index) ce babu a kan ginshiƙin da ake nema da shi, kuma haka zai yi ta jan ƙafa a kowace manhaja. Sa EXPLAIN a gaban umarnin. In ka ga ALL a ƙarƙashin type, teburin ake karantawa tun daga farko har ƙarshe.

Ina rumbun yake, ta ina kake isa gare shi?

Amsar wannan ita ke yi maka zaɓi, ba kyan fuskar manhaja ba. Manhajojin iri biyu ne. Akwai masu zama a kan saba kana buɗe su ta burauza, kamar phpMyAdmin da Adminer. Akwai waɗanda ake sakawa a kwamfutar mutum, kamar HeidiSQL da DBeaver, su kuma dole su samu ƙofar shiga: 3306 ga MySQL da MariaDB, 5432 ga PostgreSQL, 1433 ga SQL Server.

Wanda ke kan ƙaramar hayar cPanel da ba ta da SSH, wato amintacciyar hanyar shiga saba daga nesa, shi ne zaɓinsa ya fi ƙunci. Akwai sashen Remote MySQL inda ake rubuta adireshin IP da aka yarda ya shigo daga waje. Amma mu da mafi yawan intanet ɗinmu na layin waya ne ko MiFi, adireshin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka rubuta shi da safe, ka kashe data ka kunna bayan azahar, ya canza, manhaja ta ƙi shiga. Daga nan ne wasu ke gajiya su sa alamar % a wurin, ma'ana kowa a duniya yana iya ƙwanƙwasa ƙofar, kalmar sirri kaɗai ta rage tsakanin bayanan mutane da masu laluben intanet dare da rana. Kada ka yi haka, ko da na kwana ɗaya ne, don irin wannan "na kwana ɗaya" ba a cika tunawa a cire shi ba.

Ga mai wannan hali Adminer ya fi dacewa. Fayil ɗin PHP ne guda ɗaya, wajen rabin megabait, Jakub Vrána ya rubuta shi, kuma yana magana da MySQL, MariaDB, PostgreSQL, SQLite, SQL Server da Oracle. Shafukansa ba nauyi, don haka yana buɗewa ko da sabis ya sauka. Sai dai a sani shi ma ɗan PHP ne, iyakar loda fayil ta hau kansa. Dabararsa ita ce yana iya karanta fayil mai suna adminer.sql ko adminer.sql.gz da ka riga ka ajiye kusa da shi ta FTP ko File Manager, ba sai ya bi ta burauza ba. Haɗarinsa kuma sauƙinsa ne: a loda shi a public_html da sunan adminer.php a manta da shi shekaru. Masu kutse suna neman wannan sunan kai tsaye, tsofaffin fitowarsa kuma suna da ramukan da aka sani, ciki har da wanda aka toshe a 4.6.3 da wanda aka toshe a 4.7.9. Ɗauko sabo daga shafinsa na asali, ka canza masa suna, ka sa shi cikin folda mai kalmar sirri ta Directory Privacy, in ka gama ka goge shi, tare da fayil ɗin SQL da ka ajiye.

Wanda ke da VPS, wato sabar haya da ragamarta duka ke hannunsa, ko haya mai SSH, ba shi da dalilin barin wata manhajar kulawa a buɗe a intanet. Manhajar kwamfuta ta bututun SSH ita ce hanya.

Na kwamfuta: wanne ya dace da wa

Duba abu biyu tukuna. Rubuta SELECT VERSION(). Ka ga wane inji ne da kai a zahiri, don mutane da dama suna cewa MySQL alhali MariaDB ce, tunda XAMPP ya koma kanta tun 2015. Sannan duba RAM ɗin na'urarka.

In Windows ce, laftof na hannu mai gigabait 4, aikin kuma MySQL ko MariaDB, ɗauki HeidiSQL kada ka wahalar da kanka. Ansgar Becker ne ya rubuta shi, kyauta ne, yana tashi nan take, ba ya sa fanka ihu, abin da duk wanda ya yi aiki a ɗakin da ba AC a watan Afrilu ya san darajarsa. Yana zuwa a cikin fayil ɗin saka MariaDB na Windows, yana kuma iya PostgreSQL, SQL Server da SQLite daidai gwargwado. Yana kwashe rumbu daga wata saba ya zuba a wata kai tsaye. In ka nuna masa babban fayil na SQL, zaɓi ya gudanar da shi kai tsaye, kada ka bari ya buɗe shi a allon rubutu, in ba haka ba zai cinye RAM ya daskare. Yana da nau'in da ake yawo da shi a filasha, amma kalmomin sirrin da ya ajiye a fayil ɗin saitinsa ɓoyon wasa aka yi musu, ana iya warware su. Filasha ta faɗi a Keke, an tafi da makullan sabarka. Cire alamar ajiye kalmar sirri, ka riƙa rubuta ta da hannu.

In kana hulɗa da injuna daban-daban, yau PostgreSQL gobe MySQL jibi SQLite, ko kana kan Linux ko Mac, DBeaver Community ne. A kan Java yake, yana cin ɗaruruwan megabait na RAM tun kafin ka buɗe tebur, don haka ya fi daɗi a gigabait 8 zuwa sama. Abin da ke kama mutane a nan shi ne direba, fayil ɗin da manhaja ke magana da kowane inji ta hanyarsa. DBeaver ba ya zuwa da direbobin yawancin injuna, sai ranar da ka fara haɗawa yake sauko da su daga intanet. Wanda aka kira aiki a wani asibiti ko sakatariya a Gwadabawa ko Tambuwal, ya haɗa da kowane irin inji sau ɗaya tun yana cikin gari inda sabis ke da ƙarfi, kada ya je can ya tarar da manhaja tana jiran saukar da fayil. Layi 200 yake ɗaukowa a tashin farko, sai ka gangara ya ƙaro, wannan kuwa yana rage cin data. MongoDB da Redis suna cikin nau'in kuɗi ne.

MySQL Workbench na Oracle ƙarfinsa zanen dangantakar teburori ne, irin wanda malami ke nema a babi na uku na aikin ɗalibi. Don MySQL aka yi shi, in ka haɗa shi da MariaDB ta XAMPP zai yi gargaɗi, wasu sassansa kuma su ƙi aiki. Yana yanke umarnin da ya wuce daƙiƙa 30 da kuskure mai lamba 2013, ana ɗaga wannan a Preferences ƙarƙashin SQL Editor. Kuskure 1175 da yake bayarwa in za ka yi UPDATE ko DELETE ba tare da makulli a WHERE ba, kariya ce, bar ta a kunne.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Mai PostgreSQL zalla yana da pgAdmin 4, mai ɗan nauyi amma cikakke. Mai SQL Server ya riƙe SSMS, kada ya fara sabon aiki da Azure Data Studio, don Microsoft ta sa 28 ga Fabrairu, 2026 ranar daina kula da shi. Fayil ɗin SQLite kuma DB Browser for SQLite ya ishe shi. Navicat da TablePlus da DataGrip suna da kyau, da dala ake biyan cikakken lasisinsu. Abin da ba a yi shi ne saka wanda aka fasa. Manhajar da za ka miƙa wa kalmar sirrin rumbu ba ita ce za ka karɓa daga hannun wanda ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, ga na kyauta masu yin aikin.

Yadda ake haɗa bututun SSH

Manufar ita ce ƙofa 3306 ta zauna a rufe daga waje, bind-address ya tsaya a 127.0.0.1, kai kuma ka shiga ta ƙofa 22 kamar kana zaune a kan sabar. Windows 10 da 11 suna da umarnin ssh. Buɗe tagar umarni ka rubuta:

ssh -N -L 3307:127.0.0.1:3306 -o ServerAliveInterval=30 sunanka@adireshin-saba

Bar tagar a buɗe. A cikin manhajar, adireshi 127.0.0.1, ƙofa 3307, sai suna da kalmar sirri na rumbun, ba na SSH ba. An zaɓi 3307 ne saboda in XAMPP na kunne ya riga ya riƙe 3306, kuma in ka sa 3306 bisa kuskure rumbun kwamfutarka za ka shiga kana zaton na saba ne. ServerAliveInterval yana aika ɗan saƙo duk daƙiƙa 30 don kada layin waya ya ga shiru ya yanke haɗin. HeidiSQL da DBeaver da Workbench duk suna da shafin SSH da ke yin wannan da kansu, amma yi da hannu sau ɗaya, ranar da abu ya ƙi za ka san ko bututun ne ko rumbun.

Rubuta 127.0.0.1, kada ka rubuta localhost. A Linux da Mac, wasu manhajojin MySQL in suka ga localhost soket, wato fayil ɗin haɗi na cikin na'urar, suke nema, ba su bi ta ƙofar da ka ba su ba.

In ka gwada root a Ubuntu ka samu kuskure 1698, ba kalmar sirri ka manta ba. An ɗaure root da mai amfani na cikin na'urar ne, ta sudo mysql kawai yake shiga. Kada ka kwance wannan. Ƙirƙiri wani:

CREATE USER 'kulawa'@'127.0.0.1' IDENTIFIED BY 'doguwar kalmar sirri';
GRANT ALL PRIVILEGES ON makaranta.* TO 'kulawa'@'127.0.0.1';

Yi na biyu mai GRANT SELECT kaɗai, shi za ka riƙa amfani da shi wajen dubawa da fitar da rahoto, shi kuma za ka ba ɗalibin da ya zo horon IT ko ɗan bautar ƙasa da aka turo maka. A DBeaver, MySQL 8 kan ce "Public Key Retrieval is not allowed". A Driver properties ake mayar da allowPublicKeyRetrieval zuwa true. A cikin bututun SSH babu damuwa, a buɗaɗɗen intanet kuwa SSL ya kamata a kunna.

Gwaji da bayanan gida kafin ka amince

Kowace manhaja tana da kyau da sunayen Turawa. Gwada ta da namu. Yi rumbun gwaji da utf8mb4, tebur ɗaya, ka zuba layuka kamar haka: Ɗanladi, Ƙofar Marke, ɓawo, Mu'azu, Sa'adatu, 'Yar Akija, layi ɗaya na Larabci ko ajami, lambar waya mai farawa da sifili, da kwanan wata mai lokaci. Fitar da shi SQL, fitar da shi CSV, mayar da kowanne cikin wani rumbu fanko, ka kwatanta.

In ƙ ta koma alamar tambaya, wani wuri a hanya latin1 ne, wanda shi ne saitin asali na MySQL 5.7 da na MariaDB tsawon shekaru, kuma ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. In ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, to UTF-8 ne aka karanta da idon Windows-1252. Don ka gane inda ɓarnar take, rubuta SELECT HEX(suna). In ka ga C699 a wurin ƙ, bayanin lafiyarsa ƙalau, nunawa ce ta karkace, gyara saitin haɗin manhajar. In ka ga C386E284A2, an juya harafin sau biyu kafin a ajiye, ana iya ceto shi da CONVERT amma a kan kwafi za a gwada. In 3F ne, harafin ya tafi, sai an koma asalin takarda. Wannan na ƙarshe Excel ke yawan jawo shi, in aka ajiye da CSV gama-gari maimakon CSV UTF-8.

Mu'azu da Sa'adatu suna gwada yadda manhajar ke rubuta alamar ɗauri. Ya kamata ka ga 'Mu''azu' ko 'Mu\'azu' a fayil ɗin da ta fitar. Lura kuma cewa alamar da waya ko Word ke sakawa mai lanƙwasa ce, ta allon kwamfuta miƙaƙƙiya, inji kuwa sunaye biyu yake ɗaukarsu. Shi ya sa ɗaliba ɗaya ke fitowa sau biyu a rajista. Haka in aka nemi Kofar, kada a sa ran Ƙofar za ta fito.

Lambar waya da NIN da BVN duk lambobi 11 ne, kuma ba lissafi ake yi da su ba. In mayen shigo da CSV ya zaɓa musu INT da kansa, sifilin farko ya faɗi, sannan INT ba ya wuce 2147483647. Ko dai shigowar ta tsaya da kuskure, ko kuma, in saitin inji mai sassauci ne, ka tarar da ɗaruruwan mutane da wannan lamba ɗaya. Mayar da ginshiƙin VARCHAR kafin ka danna. Lokaci kuma, in ka ga ya goce da awa ɗaya, sabar tana kan UTC ne mu muna gaba da awa guda, sa Africa/Lagos a saitin haɗin.

Kafin ka taɓa rumbun da ake aiki da shi

Manhajar kwamfuta ta fi phpMyAdmin sauri, har wajen ɓarna. Sa wa kowane haɗi launinsa. A DBeaver mayar da Connection type zuwa Production, zai yi ja, ya daina tabbatar da canji da kansa, ya riƙa tambaya kafin ya gudanar da umarni mai haɗari. HeidiSQL ma yana bari a sa wa kowane haɗi launi. Amma fa in ka kashe tabbatarwa ta atomatik, kada ka yi UPDATE ka tashi zuwa sallar la'asar ba ka danna Commit ko Rollback ba. Layukan suna kulle, mai karɓar kuɗi a kanta zai ga manhajarsa ta tsaya har ta ba da kuskure 1205. A MySQL da MariaDB, DROP da TRUNCATE da ALTER ba su da komawa baya, teburin MyISAM, tsohon nau'in tebur na MySQL, kuma bai san Rollback ba sam. PostgreSQL kuwa yana iya janye irin waɗannan umarni a cikin ma'amala ɗaya.

Sauƙin fitar da bayanai ma abin lura ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanai sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 in aka samu ɓullar da za ta iya cutar da masu su. Fayil ɗin marasa lafiya ko na ɗalibai da aka bari a Downloads, ko aka tura ta WhatsApp, yana cikin abin da ake magana.

Kwafin ajiya: nan kam layin umarni

Ko wace manhaja ka zaɓa, babban kwafi a kan sabar ake yin sa. DBeaver da Workbench da pgAdmin ma mysqldump ko pg_dump suke kira a bayan fage.

mysqldump --single-transaction --routines --events --default-character-set=utf8mb4 -u kulawa -h 127.0.0.1 -p makaranta --result-file=makaranta.sql

--single-transaction yana ba da kwafi daidaitacce na teburorin InnoDB, nau'in tebur na asali a MySQL, ba tare da an kulle masu aiki ba. In babu --routines, ayyukan da aka ajiye a cikin rumbun ba za su biyo ba. An sa --result-file ne saboda alamar > a tsohon PowerShell na Windows tana rubuta fayil da UTF-16, wanda mysql ba ya karantawa. Matse fayil ɗin da gzip kafin ka sauko da shi da scp. Wajen mayarwa, tura shi sabar tukuna, ka buɗe tmux ko screen, masu barin aiki ya ci gaba a kan saba ko haɗi ya yanke, sannan:

gunzip < makaranta.sql.gz | mysql -u kulawa -h 127.0.0.1 -p makaranta_gwaji

Sai ka riga ka ƙirƙiri makaranta_gwaji ka ba kulawa izini a kansa. Ko sabis ya yanke, aikin na ci gaba a can.

Kurakurai uku ne ke yawan tsayar da mayarwa. 1273, "Unknown collation utf8mb4_0900_ai_ci", yana nufin daga MySQL 8 aka ɗauko za a zuba a 5.7 ko tsohuwar MariaDB, sai a musanya sunan da utf8mb4_unicode_ci a duk fayil ɗin. 1227 yakan fito ne daga layukan DEFINER masu ɗauke da sunan mai amfani na tsohuwar saba, a cire su ko a sa sabon suna. 2006, "server has gone away", galibi max_allowed_packet ne ya yi ƙanƙanta, a ɗaga shi zuwa 64M ko sama a my.ini ko my.cnf a sake tayar da inji. A PostgreSQL kuma pg_dump ba ya kwafar sabar da ta fi shi sabunta, nuna wa pgAdmin ko DBeaver wanda ya yi daidai da ita.

In an gama, kada ka dogara da adadin layukan da manhaja ke nunawa a gefen sunan tebur, don ga InnoDB ƙiyasi ne, yana iya gocewa sosai. Gudanar da SELECT COUNT(*) a kan manyan teburori a ɓangarorin biyu, sannan SUM na ginshiƙin kuɗi, ka ga sun zo ɗaya.